Ranar da Inna Ta Koma Bakin Turmi

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina, ina sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu Jibiya, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Na sha ɗaukar waya in rubuta muku shi in fasa. Yau dai na ce bari in sauke.

Shugabanmu a lokacin wani Farfesa ne, haifaffen garin nan, gidansu tun kaka da kakanni. Aikinsa a jami'a shi ne waƙoƙin mutanen da suka bar gida: 'yan cin rani, masu gudun yunwa, matan da aure ya ƙetarar da su iyaka. Tun zamanin rikoda mai kaset yake yawon ƙauyuka yana ɗaukar muryoyin tsofaffi. A gari kuwa, in rijiyar burtsatse ta lalace shi ake nema, in manoma da makiyaya sun saɓa shi ke zama tsakani, rufin makarantar 'yan mata da iska ta yaye ma shi ya yi ta sintiri har aka gyara.

Ya taɓa zaman shekara a Amurka, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin wata dattijuwar malama da ya haɗu da ita can. Kakanninta daga ƙasar Poland suka je neman abinci, suka ƙare a masana'antu. Ita kuma ta ƙarar da rayuwarta wajen tattara waƙoƙi da labaran da suka riƙa bugawa a ƙananan jaridu da harshensu, ga ta kuma jagorar mutanensu a garin da take. In ya kawo nan sai ya ce, "Nasu sun rubuta sun ajiye. Namu a bakin turmi suka zuba." Mu kuwa mu ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," muna satar kallon agogo.

To, wa'adinsa ya zo ƙarewa, ni kuma na ƙwallafa rai a kan kujerar. Abokin takarata wani attajiri ne a kasuwar hatsi, mutumin kirki, amma na fi shi boko kuma na fi shi baki. Matsalata ɗaya ce, kuma babba. Iyayena ba 'yan nan ba ne. Daga wani ƙauye arewa da Maraɗi suka gangaro a shekarun babbar yunwa, ina goye. Tsofaffin garinmu har yau "'yan Faransa" suke ce wa mutanen can, kuma duk zumuncin da ke tsakani, in maganar shugabanci ta taso sai a tuna waye ɗan gari waye baƙo. Mahaifina ya rasu ina firamare, ba mu da dangi ko ɗaya a nan. Mahaifiyata, da nake kira Inna, da aikatau ta raine ni: ta shiga gidajen mutane ta yi musu daka, a sallame ta da dusa da ɗan abin da ya saura a tukunya.

Ni kuwa da na yi karatu sai na share wannan babi tas. Duk wanda ya tambayi asalinmu sai in ce, "Can wajen Riko," wani ƙauye nan kusa da mu, in canza magana. Na goge bakina na koma Hausar rediyo. Watan da na fara ɗaukar albashi na kyautar da turmin Inna da taɓaryarta, na ce daga yau inji zai yi mana, ta huta. Har yabo na sha a unguwa, ana cewa ga ɗan albarka.

Akwai kuma wani abu da ke ci mini rai game da ita. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, a gaban mutane ma sai ta yi kamar ba ta san shi ba. Ni ne babba a wurinta, amma Inna sai ta tsaya tsakar gida ta rangaɗa mini suna gatsau, ko da baƙi ne cike da zaure. Har tsokanata take yi. Ina yaro na taɓa jin wata maƙwabciya tana cewa, "Su can ai ba su san alkunya ba." Maganar nan ta zauna mini. Da na girma na taɓa yi mata ƙorafi, ta yi dariya ta ce, "To mi zan ce maka, sarki?"

Wata rana muka je ta'aziyya Maraɗi ni da Farfesa a motata. A dawowa muka tarar da layi a kan iyaka, manyan motocin wake da na shanu sun toshe hanya, 'yan babur masu jarkoki sai kurɗawa suke ta gefe. Rana ta take. Farfesa ya sayi dafaffiyar gyaɗa yana ɓarewa a hankali, sai kawai ya ce, "Sakatare, Hajiyarka ta taɓa yi maka waƙar daka?"

Na ce, "Waƙa kuma, ranka ya daɗe?"

Ya ce ranar sunan 'yata yana zaune a zaure ya jiyo ta daga ciki tana rarrashin jaririyar, kuma nan take ya gane muryar. Yana ɗan sakandare, in ya zo hutu, akwai wata matashiyar mata daga cikin masu gudun yunwa da ke yi wa mahaifiyarsa daka da goyo a bayanta. "Kai ne goyon," in ji shi. "Waƙar da take yi ita ta jefa ni wannan karatu. Na bi ƙauyuka na tara abin da na tara, amma ita wannan, ɗan guntun farkonta kawai na riƙe. Ina so in ɗauke ta kafin ni ko ita wani ya riga wani."

Wallahi gumin da ya karyo mini ba na rana ba ne. Na ce ta tsufa, ga mantuwa, ga ciwon gwiwa. Ya ce, "Ka dai tambaye ta." Ya miƙo mini gyaɗa.

Ƙi ba zai yiwu ba, don goyon bayansa nake nema. Yarda kuma, in waƙar nan ta fita da sunan ƙauyenmu a ciki, kujera ta tafi. Sai na zauna na ƙulla dabara irin ta 'yan boko. Za a yi ɗaukar a falona, ƙofa a rufe. Inna za ta fito a Hajiyarta sak, yadda ko hoto aka ɗauka ba wanda zai ce ta taɓa riƙe taɓarya. Matata ta ce, "Ka bar tsohuwa ta yi abinta yadda ta saba mana." Na ce mata harkar manya ce, ba za ta gane ba.

Ranar da aka sa, na sa aka fito wa Inna da leshinta na Sallah da sarƙar da na sayo mata a Makka, aka zaunar da ita a kan doguwar kujera, aka kunna fanka. Kafin baƙo ya iso na durƙusa kusa da ita na yi ƙasa da murya. Na ce, "Inna, don Allah in kin zo wajen sunan garin nan ki tsallake. Maganar dusa ma ki bar ta."

Ta ƙura mini ido. Ta ce, "To mi ya rage?"

Sai ga Farfesa ya yi sallama.

Suka gaisa, ya tuna mata ko shi ɗan waye, ta riƙe baki ta ce ashe shi ne dogon yaron nan mai yawo da littafi. Ya ajiye rikodarsa a kan tebur ya ce bisimilla. Inna ta gyara zama, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, ta kamo kalma biyu, suka kuɓuce. Na lura hannunta na dama yana ta ɗagawa yana sauka a kan gwiwarta. Ni kuwa a raina har na fara hamdala, ina cewa shi ke nan, mantuwa ta cece ni.

Ta ce, "Ta ƙi zuwa. Hannuna babu komi."

Farfesa ya juyo gare ni. "Akwai turmi a gidan?"

Matata daga bakin ƙofa ta ce, "Babu, Baba. Inji muke kaiwa." Ta faɗa tana kallona.

Na yi wuf na ce a aro a maƙwabta, a shigo da shi nan falo. Inna ta girgiza kai. "Ko an kawo ba ta zuwa. Nan gidan ƙoshi ne." Ta dubi Farfesa. "Gidanku shina nan?"

Ya ce yana nan, mahaifiyarsa ta rasu amma ƙanensa da iyalinsa na ciki.

Inna ta miƙe. Ta cire sarƙar ta ajiye kusa da rikoda, ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zane da mayafi. Na ce bari in fito da mota. Ta ce, "Da ƙafa nika zuwa, da ƙafa za ni."

Jama'a, hanyar gidan su Farfesa ta bakin kasuwar hatsi ta bi, kuma ranar kasuwa ce. Inna a gaba tana ɗingishi, Farfesa a gefenta riƙe da rikoda, ni a baya cikin babbar riga mai aiki wadda na saka don hoto. Muka wuce ta gaban rumfar abokin takarata, yana zaune a kan buhu da mutanensa. Ya ce, "Sakatare, ina aka nufa da Hajiya a ƙasa?" Na ce, "Nan kusa ne." Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A gidan aka yi mana iso har tsakar gida. Matar ƙanen Farfesa ta mirgino turmi, ta zuba gero, ta yayyafa ruwa. Inna ta ɗauki taɓarya ta jinjina ta, ta tofa a tafin hannu. Bugun farko ba ƙarfi, na biyu ma haka, har na matsa zan ce a bari. Sai matar gidan ta ɗauko taɓarya ta biyu ta tsaya gabanta, suka fara karɓa-karɓa, wannan ta sauke wannan ta ɗaga. Kafin ka ce me, ƙugun Inna ya miƙe. Sai ga murya ta fito, siririya, wadda rabona da ji tun ina ɗan makaranta.

A baitin farko ta ambaci sunan ƙauyenmu, ba sau ɗaya ba. Ta faɗi rijiyar da ta ƙafe da rumbun da aka share har ƙasa. Ta faɗi dusar gidan mutane da yadda ake dama ta da ruwan zafi a sha. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, wasu suka shigo da goyonsu, wata budurwa ta ɗaga waya tana ɗauka. Ina tsaye jikin bango ina kallon wayar nan, ba abin da nake tunani sai zaɓe. Uwata tana waƙar yunwar da ta kusa kashe ta, ni ina tunanin kujera.

Sai bugun ya sassauta, ta sauke murya ta shiga wani baiti:

Tahiya ta yi nisa, rana ta yi tsaka,
Na baro wane ƙarƙashin aduwa.
Ban kira shi ba, kunya nika ji,
Na ɗauki ƙanenai na bi hanya.

Ta maimaita shi, sannan ta jingine taɓarya ta zauna a ƙasa tana haki. Wata tsohuwa a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

Farfesa ya kashe rikoda, ya zo ya durƙusa gabanta, da furfurarsa da komai. Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Lokacin nan, in kin tafi, nakan kwaikwayi maganarki ina ba ƙannena dariya." Ta ce, "Yaro ne kai. Uwarka kuwa Allah shi ji ƙanta. Ƙarƙashin dusar takan ɓoye mini tsaba, ba ta taɓa cewa ta sa ba, ni ma ban taɓa cewa na gani ba."

A hanyar komawa ta yarda aka ɗauko mota. Muna shiga na kasa tayar da motar. Na ce, "Inna, waye wane?"

Ta ce yayana ne. Ya fara gudu da ƙafarsa, har ya iya kiran sunan akuyarsu. Zawo ya kama shi a hanya, ga ba abinci, ya cika saura tafiyar yini su iso iyaka. Mahaifina ya haƙa rami da 'yar fartanyar da ya taho da ita, suka naɗe shi da ɗankwalinta. "Kai kana baya kana ta barcinka," in ji ta.

Na ce, "Shekara da shekaru, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Kullum nika faɗi, a bakin turmi. Kai ne ka ba da turmin."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, tana ma gyara mayafinta ne. Na kifa kai a kan sitiyari. Ashe ni ba ɗan fari ba ne. Matar da na yi ta jin kunyar wai ba ta san alkunya ba, ashe tana riƙe da ita fiye da duk matan unguwarmu, ga yaron da ba wanda ya san an yi shi. Sunana da take kira gatsau, hakkinta ne, ni ƙane ne kawai.

Bidiyon budurwar nan kuwa kafin kwana biyu ya zaga gari. Ranar taron zaɓe wani daga cikin mutanen abokin takarata ya miƙe ya ce shi ba ya da matsala da kowa, amma wanda zai shugabanci gari ya kamata a san inda kabarin kakansa yake. Aka fara gunaguni, Farfesa ya ɗaga hannu zai tsawatar, na roƙe shi ya bar ni. Na miƙe tsaye. Na ce kabarin kakana ban san inda yake ba. Na mahaifina yana nan maƙabartar gari, da yawansu sun san wurin. Na yayana kuma yana ƙetaren iyaka, ƙarƙashin wata aduwa a bakin hanya. Na ce ba daga Riko muke ba, ni na ƙirƙiro wannan. Na zauna.

Na faɗi zaɓen, kuma ba da ƙaramin rata ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce bai yi mini ciwo ba, na yi sati ban leƙa majalisa ba. Attajirin ya riƙe ƙungiyar da kyau, ya kuma roƙe ni na ci gaba da sakatarena, har yau muna zumunci. Farfesa ya fitar da littafinsa bayan ya yi ritaya, waƙar Inna ce a farko. Ya kawo mata da kansa, ta juya shi ta ce ya yi nauyi, ta sa a ƙarƙashin filo.

Abin da ya rage mini daga wannan lamari ba faɗuwa zaɓe ba ne. Kunya ce, kuma ta sauya wuri. Da ina jin kunyar inda muka fito. Yanzu in na tuna ni ne na durƙusa na ce wa uwata ta tsallake garinsu a cikin waƙarta, ita nake ji. Na ɗauka hutar da ita na yi ranar da na kyautar da turmin nan, ashe wuri ɗaya tilo da take iya zancen ɗanta na raba ta da shi. Na sayo mata wani daga baya. Takan sa jikoki su zuba mata ɗan gero ta taɓa kaɗan da hantsi, ni kuma in ina gida sai in bar abin da nake yi in zauna.

Bayan damina ta wuce na ɗauke ta muka ƙetara, muka bi hanyar da take jin ita suka biyo. Duk an nome wurin, ga aduwa nan birjik ko ta ina, ta dubi wannan ta dubi waccan ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Muka tsaya a gindin wata da ke kusa da hanya muka yi addu'a. Da muka shafa na ce, "Inna, mene ne sunansa? Ina so in riƙa sa shi a addu'a. In Allah Ya ba ni namiji kuma in mayar."

Ta juyo ta harare ni, irin hararar da take mini ina yaro in na yi rashin ta-ido gaban baƙi. Ta ce, "Kai, ba ka da kunya? Ni zan faɗi sunan ɗan fari?" Ta kama hanyar mota.

Inna ta rasu bara waccan, ba ta faɗa ba. Mahaifina da ya sani ya daɗe a ƙasa. Don haka bayan kowace sallah nakan ce, Allah Ka ji ƙan Inna da Baba da wane. Shi Ya san sunan.